Batirin Mota: Abin da Ya Kamata Ku Sani Tun Bai Kwantar da Ku a Hanya Ba

Safiyar hunturu ce, ƙarfe bakwai saura kwata. Yara sun sa kayan makaranta sun cika bayan mota, kowa rungume da kwandon abincinsa. Maigida ya zauna ya yi bismillah, ya murɗa makulli. Maimakon ƙugin injin da ya saba ji, sai wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban sitiyari suka kawo suka dushe. Ya sake murɗawa, wannan karon ko ƙas ɗin babu. Kafin a ce kwabo, ƙofar gida ta cika da masu ba da shawara. Wannan ya ce a tura, wancan ya ce a aro batirin maƙwabci, wani yaro kuma har ya ɗauko dutse zai ƙwanƙwasa kan batir.

Duk mai mota ya san irin wannan safiya. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, batirin nan ba a daren jiya ya mutu ba. Ya yi makonni, wataƙila watanni, yana nuna alamun ciwo ba a kula ba. Sau da yawa ma ba shi ne mai laifi ba, wani abu ne a jikin motar ke cinsa a hankali. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya sayi sabon batir bai gano abin da ya kashe tsohon ba, nan da 'yan watanni zai sake komawa kasuwa.

Me ke cikin baƙin akwatin nan?

Nau'in batirin da ke cikin mota ya girmi motar kanta. Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Faransa, Gaston Planté, shi ya ƙirƙiro shi a 1859, lokacin da keken doki ne abin hawan manya a Turai. Motocin farko da hannu ake tayar da su: a soka wani lanƙwasasshen ƙarfe a gaban inji a yi ta juyawa, wani lokaci ya dawo baya da ƙarfi ya karya hannun mai juyawar. Sai a 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai na'urar tayar da inji da lantarki, wadda Charles Kettering ya ƙera, wato abin da kanikawanmu ke kira kik. Tun daga nan batir ya zama dole. Da farko mai ƙarfin bolt 6 ake sa wa motoci, a shekarun 1950 aka koma bolt 12, kuma a kansa ƙananan motoci suke har yau.

Cikin akwatin an raba shi ɗaki shida. Kowane ɗaki yana ba da wuta kimanin bolt 2.1, shi ya sa cikakken batir mai lafiya yake nuna 12.6. A kowane ɗaki akwai faranta na dalma jere kusa da juna, sun nutse cikin ruwan batir, wanda kusan kashi ɗaya cikin uku nasa asid ne mai ƙuna, sauran kuma ruwa ne zalla.

Yayin da batir ke ba da wuta, asid ɗin yana haɗuwa da dalma, wani farin gishiri yana kwanciya a jikin farantan, ruwan kuma yana salancewa. Da an yi caji sai gishirin ya narke, asid ya koma cikin ruwa, komai ya dawo yadda yake. Matsalar tana zuwa ne idan aka bar batir ba caji na tsawon kwanaki. Gishirin nan sai ya sandare ya kama jikin faranti, caji ya kasa narkar da shi. Duk inda ya rufe, wurin ya daina aiki ke nan. Wannan shi ne ajalin batura da yawa, kuma wanda ya gane shi ya gane rabin sirrin kula da batir: ba ya son zama da yunwa.

Aikinsa babba guda ne, juya inji na 'yan daƙiƙu. A wannan ɗan lokacin kik yana zuƙar wuta mai yawan gaske, fiye da amfiya 100 ko a ƙaramar mota. Da inji ya tashi sai altaneta, wadda bel ke juyawa, ta karɓi ragamar ba fitilu da esi da rediyo wuta, ta kuma mayar wa batir abin da ya kashe. Batir kamar randa yake, altaneta kuma famfo. Idan famfo ya daina kawo ruwa, ko randar tana yoyo, ba daɗewa za a tarar da ita a bushe.

Ya yi sanyi ne, ko ya mutu?

Masu cajin batir suna bambanta abu biyu da ya kamata kowane mai mota ya bambanta. Akwai batirin da ya yi sanyi, wato lafiyarsa ƙalau, wuta ce kawai ta ƙare masa, kamar idan an kwana da fitila a kunne. Wannan caji yake so. Akwai kuma wanda ya mutu: farantansa sun lalace ko ɗaki ɗaya ya ɗauke, ko an cika shi ba ya riƙe caji. Wannan sai canji.

'Yar mitar awon wuta, irin wadda ke hannun kowane mai gyaran rediyo, ita ke raba gardama. A auna bayan mota ta huta sa'o'i, mafi kyau da safe kafin a tayar da ita. In ta nuna 12.6 ko sama, batir a cike yake. In 12.4 ne, kusan kwata ya tafi. In 12.2 ne, saura rabi. In ya kai 12.0 ko ƙasa, ya yi sanyi sosai, a gaggauta yi masa caji. In kuwa aka ga wajen 10.5 bayan an yi masa caji, alama ce ta ɗaki ɗaya ya mutu.

Awo na biyu lokacin murɗa makulli ake yinsa: lambar za ta faɗo, amma bai kamata ta yi ƙasa da 9.6 ba. Na uku kuma, wanda ya fi su muhimmanci, bayan inji ya tashi ne. A nan mita ta nuna tsakanin 13.7 da 14.7. In ba ta kai ba, altaneta ba ta ba da caji yadda ya kamata. In ta haura 15, cajin ya yi yawa, ana dafa batir ne.

Wannan awo na uku na koye shi ne bayan na yi asara. Cikin wata takwas na sayi batir biyu, kowanne ya kumbura ya mutu, ni kuma ina ta zargin masu sayarwa da ba ni jabu. Ranar da zan sayi na uku, wani dattijo mai gyaran wutar mota da ke zaune a ƙarƙashin dalbejiya a bakin gareji ya ce in buɗe bonet. Ya sunkuya ya shinshina, ya ɗora bayan hannunsa a jikin batirin ya janye da sauri. Ya ɗauko mitarsa da aka ɗaure bayanta da kyauron roba, ya ce in taka totur kaɗan. Ya juyo mini da fuskar mitar na ga 15.8.

"Ɗana, ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai?" in ji shi.

Na ce, "Na daɗe ina ji, Baba. Na ɗauka daga kwata ne."

Ya ce, "Batirinka ne ke tafasa. Ko goma ka saya, haka za ta cinye su. Abin da ke daidaita wuta a cikin altaneta ne ya lalace."

Kuɗin gyaran bai kai kwatan kuɗin batir guda ba.

Abubuwan da ke kashe batir a wajenmu

Na farko zafi. Mutane sukan ɗora wa sanyi laifi don a hunturu mota ta fi ƙin tashi, amma bazara ce ke yin ɓarnar, hunturu ya zo ya tona asiri. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, ƙarƙashin bonet kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, yana kuma sa farantan su zagwanye da wuri. Sai sanyin asubahin Disamba da Janairu ya zo, baƙin mai ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa, ƙarfin batir kuma ya ragu. Wanda bazara ta riga ta raunana, a nan yake faɗuwa. Saboda haka batirin da kan yi shekara huɗu ko biyar a ƙasashe masu sanyi, a wajenmu in ya yi biyu zuwa uku ya yi ƙoƙari.

Na biyu gajeriyar tafiya. Daga gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa kanti, kowace tafiya minti biyar, esi da rediyo a kunne, a yi ta kashewa ana tayarwa. Kullum ana ɗiban ruwa a randa, ba a bari famfo ya cika ta. Haka tsayuwa a cunkoso da dare, inji na tafiya a hankali, fitilu da esi suna ci.

Na uku ajiye mota. Ko an cire makulli, agogo da ƙwaƙwalwar mota da na'urar kulle ƙofa suna shan wuta kaɗan-kaɗan, batir kuma da kansa yana zubar da caji, ya fi yi da sauri in ana zafi. Wanda ya tafi aikin Hajji ya bar mota wata guda ba a taɓa ta ba, yana iya dawowa ta ƙi tashi.

Na huɗu ɓarawon wuta: fitilar but da ba ta mutuwa in an rufe, rediyo ko amfilifaya da aka jona kai tsaye da batir, na'urar bibiyar mota da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba, waya da ta goge tana taɓa ƙarfe. Alamarsa ita ce batir sabo ne, altaneta lafiya, amma in mota ta kwana biyu sai ta ƙi tashi. Mai gyaran wuta yakan gano shi ta hanyar sa mita yana zare fis ɗaya bayan ɗaya har ya ga inda wutar ke zurarewa.

Na biyar girgiza. Batirin da ba a ɗaure ba, ko aka ɗaure da tsohon tif, yana tsalle a duk ramin da aka faɗa, farantansa suna kakkaɓewa. Na shida kuma kan batir da ya yi sako-sako ko ya tara wannan farin gari mai ratsin kore. Wuta tana nan a ciki, hanyar fita ce ta toshe. Motoci da yawa da ake cewa batirinsu ya mutu, wanke kai da ɗaure noti kawai suke bukata.

Akwai wani abu da ya zama ruwan dare saboda matsalar wutar lantarki: ciro batirin mota a kunna talabijin ko fanka da dare, a mayar da safe. Batirin mota an gina shi ne don ya ba da wuta mai yawa cikin ɗan lokaci a mayar masa nan take. Batirin sola da na inbata su aka yi wa faranta masu kauri don a zuƙe su a hankali a sake cikawa. In aka riƙa tatse na mota har ƙasa, ba zai daɗe ba.

Idan mota ta ƙi tashi

Ku fara da saurare. In inji yana juyawa da nauyi kamar mai jin barci, ko kuna jin ƙas-ƙas-ƙas da sauri fitilu na dushewa, wuta ce ta yi ƙaranci. In ƙas ɗaya kuka ji mai ƙarfi, fitilu kuma suna haske tar, ku zargi kik. In kuwa inji yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, ku ƙyale batir, matsalar mai ce ko tartsatsin filogi. Kada ku riƙe makulli fiye da daƙiƙa goma, kuma ku huta kamar rabin minti kafin sake gwadawa, don kada kik ya ƙone.

Sai ku buɗe bonet ku girgiza kawunan batir da hannu. In ɗaya yana motsi, ku ɗaure shi da sufana. Ku duba jikin akwatin: in ya kumbura, ko ya tsage, ko yana yoyo, ko yana wari, kada ku jona shi da komai, a cire shi.

In jonawa za a yi da wata mota, ga tsarin da ya kamata a bi. Motocin biyu su matso kusa amma kada jikinsu ya taɓa juna, a kashe su duka, a ja birkin hannu. Kan da ke da alamar + shi ne na jar waya, kuma ya ɗan fi ɗan'uwansa kauri. Mai alamar – shi ne na baƙar waya.

1. Jar waya a kan + na batirin da ya yi sanyi.
2. Ɗaya bakin jar wayar a kan + na batir mai lafiya.
3. Baƙar waya a kan – na batir mai lafiya.
4. Ɗaya bakin baƙar wayar a jikin wani ƙarfe marar fenti a injin motar da ta ƙi tashi, nesa da batir.

Dalilin mataki na huɗu shi ne, batir yana fitar da iskar haidurojin, wadda tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da ita. Jonin ƙarshe shi ke yin tartsatsi, don haka ake yinsa nesa. Bayan haka a tayar da mota mai lafiya ta yi kamar minti biyar tana aiki, sannan a gwada ɗayar. In ta tashi, a cire wayoyin daga na huɗu a koma baya zuwa na ɗaya. Wanda zai yi aikin ya cire zobe da agogon ƙarfe, kuma kada a kusanto da sigari ko ashana. Babban kuskure shi ne juya wayoyin, a sa ja a wurin baƙi. Daƙiƙa ɗaya ta isa ta ƙona fis da altaneta, wani lokaci har ƙwaƙwalwar mota.

Turi kuwa na mota mai giyar hannu ne kawai. A buɗe makulli, a sa giya ta biyu, a taka kuloci, a tura har motar ta kai saurin mai sassarfa, sannan a saki kuloci, da inji ya kama a sake takawa. Mota otomatik ba ta tashi da turi, wahalar da masu turawa kawai za a yi. Ko mai giyar hannun ma, in batir ya ƙare ƙaf ba za ta tashi ba, domin famfon mai da ƙwaƙwalwar motocin zamani sai da wuta suke aiki.

Bayan mota ta tashi aiki bai ƙare ba. A yi tafiya ta aƙalla rabin sa'a ba tare da kashewa ba. In batirin ya yi sanyi sosai, wannan ma bai isa ba, a kai shi wurin mai caji ya kwana a kan caji na hankali. Cajin gaggawa yana zafafa batir yana rage masa kwana.

Ɗabi'u huɗu da ya kamata mu bari

Ta farko, cire batir inji yana aiki. Wasu suna yi don gwada altaneta, wai in mota ba ta mutu ba to tana caji. Wasu kuma sukan tayar da mota da batirin aro, su zare shi, su mayar da nata inji bai tsaya ba. A zamanin motoci masu kafireto an sha yin haka an kwana lafiya. Motar yau cike take da na'urori masu laushi, kuma batir ne ke shanye hauhawar wutar da altaneta ke yi. Da an zare shi wutar kan yi tsalle ta ƙona abin da kuɗinsa ya ninka na batir sau da yawa. Mita tana ba da amsar nan ba tare da kasada ba.

Ta biyu, jona batir da sufana biyu, ana kifa wani batir a kan wani ko ana riƙe shi a hannu. Tartsatsi a daidai bakin batir yake tashi, fuskar mai riƙewa kuma tana kai. Wayoyin joni masu kauri ba su da tsadar da ta kai ido guda.

Ta uku, jona ƙaramar mota da babbar mota. Yawancin tireloli da manyan motocin dakon kaya da bolt 24 suke aiki, ninkin abin da ƙaramar mota ke ɗauka.

Ta huɗu, ƙara asid in ruwan batir ya ragu. Abin da zafi ke ƙafarwa ruwa ne, asid yana nan bai je ko'ina ba. In aka ƙara wani sai ya yi ƙarfi fiye da kima ya cinye farantan. Tataccen ruwan da aka samar ta hanyar tururi, wanda masu batir ke sayarwa a kwalba, shi kaɗai ake zubawa. Ruwan rijiya da na burtsatse da na leda duk suna ɗauke da sinadaran da ke ɓata batir, komai kyansu a ido.

Kulawar da ba ta cin kuɗi

Sau ɗaya a wata ku buɗe bonet ku dubi batir. In mai murafu ne a sama, ku buɗe ku leƙa: ruwa ya rufe farantan, amma kada a cika har baki. In rufaffe ne wanda ba a ƙara masa ruwa, kada a ɓalle shi. Ku goge ƙurar da ke samansa, domin ƙura in ta haɗu da danshi takan zama hanyar da wuta ke bi tsakanin kawunan biyu.

In kai ya tara farin gari, a kashe mota, a fara kwance kan – sannan na +. A wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa soda irin ta yin burodi a ciki. Ruwan kanwa ma yana kashe kaifin asid. A kula kada ya shiga cikin batir. A goge da tsohon burushi, a bari ya bushe, a mayar da + da farko, – a ƙarshe, a ɗaure tamau, sannan a shafa ɗan giris ko basilin a kai. In maƙalin ya buɗe har ba ya kamawa, a sayi sabo. Cusa ƙusa ko guntun gwangwani da bugu da dutse suna tsaga gindin kan ne, asid ya samu hanyar fitowa.

Ku tabbata an ɗaure batir da maɗaurinsa na ƙarfe. Ku sa a duba bel ɗin altaneta, musamman in yana kuka da safe. In fitila mai hoton batir ta kama kuna cikin tafiya, ma'anarta caji ya tsaya, motar tana cin abin da ke cikin batir ne kawai. Ku kashe esi da rediyo ku nufi wurin gyara, kuma ku sa ido a kan allurar zafi, don a motoci da yawa bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa.

In akwai inuwa, ku ajiye mota a inuwa. In za ta yi makonni a ajiye, ku cire kan –, ko ku bar wa wani amintacce ya riƙa fita da ita rabin sa'a duk mako. Ɗumama ta na minti biyar a tsaye ba ya cike gurbin wutar da ta zurare cikin mako guda.

In asid ya fantsama a jiki ko a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, a tafi asibiti. Kada a murza ido, kada a ɗiga komai a ciki.

Lokacin sayen sabo

Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano za ku saya, ko Fanteka ta Kaduna, ko Katako ta Yamai, ƙa'idar ɗaya ce. Ku dubi lambar da ke gaban haruffan Ah a jikin tsohon, kamar 45 ko 60 ko 75, ita ce girman randar. Kada ku sayi wanda bai kai abin da kamfanin motar ya tsara ba. Lambar CCA kuma ƙarfin bugun farko take nunawa. Ku lura da girman akwatin da ɓangaren da kan + yake, dama ko hagu, don wayar mota ba ta da tsawon da za a ja ta.

Ku nemi ranar da aka ƙera shi, domin batir yana tsufa ko a kan kanta yake. Wanda ya haura wata shida a ajiye ba a yi masa caji ba ya riga ya fara rauni. Ku sa a auna a gabanku, ku karɓi rasit da takardar garanti. Motocin da injinsu ke mutuwa da kansa in an tsaya a danja suna bukatar batir na musamman, mai alamar AGM ko EFB, wasu motocin Jamus kuma irin su BMW sai an sanar da ƙwaƙwalwarsu da kwamfuta cewa an canza batir.

Batirin hannu, wanda ake ce wa Beljiyam, yana iya nuna 12.6 a mita amma ya durƙushe da zarar kik ya ɗora masa nauyi. In dole ce ta sa, a gwada shi da na'urar da ke ɗora masa lodi, ko a jikin mota. Araha ba ta ado. Kuma duk wanda kuka saya, kada ku bar wurin sai an auna cajin altaneta.

Tsohon batir guba ne

Fiye da rabin nauyin batir dalma ce, kuma mun san abin da dalma ke yi. A 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Can daga ma'adini ta fito, amma dalmar dai ita ce ke cikin batir. A Thiaroye da ke gefen Dakar a ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 a unguwar da ake fasa tsofaffin batura ana tara dalmarsu. Ƙurarta ba ta da wari, tana shiga jikin yaro ta hannu da abinci, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da ta yi ba ta gyaruwa.

Don haka kada a ajiye mataccen batir a tsakar gida ko inda yara ke wasa. Kada a fasa shi, kada a tsiyaye ruwansa a kwata ko kusa da rijiya, kada a mai da akwatinsa mazubin ruwan kaji. A mayar da shi a rufe ga mai sayar da batir, galibi ma ana rage wa mutum kuɗin sabo da shi. Masu sana'ar caji da gyaran batir kuma su riƙa wanke hannu kafin cin abinci, su bar kayan aikinsu a shago kada su kai wa iyali ƙurar gida.

Batir ba ya yaudara. Kafin ya kwanta yakan yi magana: inji ya fara juyawa da nauyi da safe, hon ya dushe, gilashin taga ya riƙa hawa a hankali, fitila ta yi ja in an tsaya. Duk wanda ya ji ɗaya daga cikin waɗannan, ya tsaya wurin mai mita a ranar, awon ba ya cin minti biyar. Hunturu na zuwa kowace shekara, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ku auna batirinku tun kaka, ku sa wayoyin joni da sufana mai lamba 10 a but, don ranar da yara suka cika bayan mota da kwandunansu, murɗa ɗaya ta wadatar.